Gyaran Kwandon Sharar Kwamfuta da Fayilolin da Suka Ƙi Goguwa

Kwamfuta ta zama kayan aikin yau da kullum a ƙasar nan. Tana ofisoshin gwamnati tun daga sakatariyar tarayya har zuwa ta ƙaramar hukuma, tana makarantu da asibitoci, tana kuma shagunan buga takardu da ke bakin kotuna da jami'o'i. Mafi yawan waɗannan kwamfutoci da manhajar Windows ta kamfanin Microsoft suke aiki, saboda haka a kanta wannan darasi ya tsaya. Matsaloli biyu ake son jama'a su fahimta, domin sukan zo tare. Ta farko ita ce lalacewar kwandon shara, wanda sunansa a kan allo Recycle Bin. Ta biyu kuwa ita ce fayil ya kafe ya ƙi goguwa, ko sau nawa aka danna masa maɓallin Delete.

Da wuya waɗannan matsaloli su jawo hasara da kansu. Wajen gyara ne akan yi ɓarna. Akawu ya ga saƙon Turanci ya fito, aiki ya yi masa yawa, sai ya danna Yes ba tare da ya karanta ba, ko kuwa ya kwafo wani umarni da abokin aiki ya rubuta masa a takarda ya buga. Kafin a ankara takardun albashin wata uku sun tafi. Duk fayil ɗin da ya ƙi goguwa akwai dalilin ƙinsa, kuma kwamfuta takan faɗi dalilin. Wajibi ne a san dalilin kafin a sa ƙarfi.

Yadda kwandon yake aiki

Kwandon shara ya shigo Windows ne a shekarar 1995, tare da Windows 95. Kwamfutocin kamfanin Apple sun riga shi, domin Macintosh ta fito da nata kwandon tun 1984. Hikimar abin ɗaya ce: mutum ajizi ne, yakan yar da abin da zai nema gobe, don haka a ajiye masa shi a gefe tukuna.

Hoton kwandon da ke kan allo ƙofa ce kawai. Ainihin ma'ajiyar wata folda ce ɓoyayyiya, kuma kowane faifai yana da tasa. Idan kwamfuta tana da faifan C da faifan D, kwanduna biyu gare ta, ko da yake hoto ɗaya ake gani. A Windows 95 da 98 sunan wannan folda Recycled, a Windows 2000 da XP galibi Recycler, tun daga Windows Vista kuwa, wadda ta shiga kasuwa a 2007, sunanta $Recycle.Bin, haka yake har a Windows 10 da Windows 11. A cikinta kowane mai asusu a kwamfutar yana da ɗakinsa, mai ɗauke da wata doguwar lamba da ke farawa da S-1-5-21. Shi ya sa magatakarda ba ya ganin sharar akanta, alhali kuwa kwamfuta ɗaya suke amfani da ita.

Idan aka goge fayil, Windows takan mai da shi wannan ɗaki ta sake masa suna. Sabon sunan yana farawa da $R, sa'an nan haruffa da lambobi shida, wutsiyar sunan kuma, irin su .docx ko .pdf, tana nan yadda take. Kana ta rubuta wani ƙaramin fayil mai farawa da $I, inda take ajiye sunan asali, da wurin da aka ɗauko shi, da girmansa, da ranar da aka goge shi. Wanda ya san ɗakin rajista na ofis zai gane wannan nan da nan: $R ita ce takardar, $I shi ne katin da ke nuna inda ta fito. In kati ya ɓata ko ya yage, takarda tana nan amma ma'aikacin rajista ba zai iya cewa ta wace ce ba. Yawancin abin da ake kira lalacewar kwando ke nan, watau rajista ce ta rikice, ko kuwa iznin shiga ɗakin ya cuɗe.

Ba kowane abin da aka goge ne yake shiga kwando ba, kuma rashin sanin wannan ya sa mutane da yawa sun zargi kwandon da ba shi da laifi. Abin da aka goge daga filash ko katin waya ba ya shiga. Abin da aka goge daga foldar wata kwamfuta ta hanyar layin sadarwar ofis, shi ma bisa al'ada ba ya shiga. Haka wanda aka goge da Shift haɗe da Delete, da wanda ya fi kwandon girma. Har wa yau Windows 10 da 11 suna da wani tsari mai suna Storage Sense, wanda in an kunna shi yakan zubar da sharar da ta kai kwana 30 ba tare da tambaya ba. Kwando ba ɗakin ajiya ba ne. Ma'aikacin da ke ɓoye takardunsa a can don kada a gani yana wasa da aikinsa.

Kafin a ce kwando ya lalace

Idan hoton kwandon ne ya ɓace daga kan allo, babu abin da ya lalace. A shiga Settings, a zaɓi Personalization, sa'an nan Themes, a nemi Desktop icon settings a sa alama a gaban sunan kwandon, zai dawo. Idan kuwa fayiloli ne suke ɓacewa ba sa biyawa ta cikinsa, a danna kan kwandon da ɓangaren dama na linzami, a zaɓi Properties, a duba ko wani ya zaɓi layin da ke cewa kada a kai fayiloli kwando. A mai da zaɓin kan layin da ke sama, inda ake rubuta girman kwandon.

Lalacewa ta gaskiya tana da alamunta. Kwando ya nuna a cike amma a buɗe shi ba a ga kome ba. A ce ya zubar ya ƙi. Ko kuwa saƙo ya riƙa fitowa mai ɗauke da kalmar corrupted, yana cewa kwandon faifai kaza ya lalace, yana kuma tambaya ko a zubar da abin da ke ciki. To, a nan ne ake son natsuwa. Amsar Yes tana nufin a zubar da duk abin da ke kwandon wannan faifai. A danna No tukuna.

Babban abin da ke haddasa wannan a ƙasarmu shi ne ɗaukewar wuta. Idan wuta ta ɗauke, ko aka sauya daga janareta zuwa layi, a daidai lokacin da kwamfuta take rubutu a faifai, rubutun yakan tsaya rabi. Na biyu shi ne fizge faifan waje ba tare da an sallame shi ta hanyar Eject ba. Na uku, yawo da faifai ɗaya tsakanin kwamfutoci da yawa, kowace tana buɗe nata ɗakin da nata iznin. Na huɗu, wanda ya fi muni, tsufan faifan kansa. Ofishin da kwamfutarsa ta tebur ba ta da batirin tsaro na UPS zai yi ta maimaita wannan gyara.

Ceto kafin gyara

Gyaran kwando rushe shi ake yi a sake sabo, saboda haka duk abin da ke ciki zai tafi. Lalle ne a fara da ceto. In kwandon yana buɗuwa, a duba shi sannu a hankali, a zaɓi abin da ake so a danna Restore, ko a jawo shi zuwa kan allo. In kwamfutar ta mutane da yawa ce, kowa ya shiga da asusunsa ya duba nasa, domin umarnin da za a bayar nan gaba ba ya bambanta ɗakin wani da na wani.

In kuwa ba ya buɗuwa, akwai ƙofar baya. A danna Start, a rubuta cmd, a zaɓi Run as administrator, watau a buɗe baƙar tagar nan ta Command Prompt da ikon shugaban kwamfuta. A rubuta:

dir /a /s C:\$Recycle.Bin

Wannan umarni ba ya taɓa kome, nunawa kawai yake yi. Za a ga jerin fayilolin $R da girmansu da wutsiyoyinsu. Da wutsiya da girma ake gane wanda ake nema, a kwafe shi zuwa wani faifai, a buɗe a tabbatar. Foldar da aka goge ɗungurungum ita ce kaɗai sunanta ya sauya, fayilolin da ke cikinta suna nan da sunayensu na asali.

Bayan ceto sai duba lafiyar faifai, domin gina sabon kwando a kan faifai mai ciwo aikin banza ne. A cikin tagar dai a rubuta:

chkdsk C: /f

Da yake Windows tana zaune a kan faifan C, za ta ce ba za ta iya ba yanzu, ta tambaya ko a yi in an sake kunnawa. A amsa da Y, a sake kunna kwamfutar, a bar ta ta gama, kada a kashe ta a tsakiya. Amma fa a lura: idan faifan yana ƙara ƙas-ƙas, ko kwamfuta tana daskarewa duk lokacin da aka taɓa wata folda, kada a fara da wannan. A kwashe muhimman takardu zuwa wani wuri tukuna, domin bincike mai tsanani yakan ƙarasa faifan da ke gargara.

Sa'an nan rushewar:

rd /s C:\$Recycle.Bin

Ma'anar rd ita ce a cire folda, /s kuma har da duk abin da ke cikinta. Mafi yawan masu gyara sukan ƙara /q, wanda ke hana kwamfuta tambaya. Ya fi kyau a bar shi. In babu shi, kwamfuta za ta maimaita sunan abin da za ta rushe ta nemi a amsa da Y ko N, wannan kuwa dama ce ta ƙarshe ta gane kuskure. Kuskuren da ake tsoro ƙarami ne a ido: tazara ɗaya tsakanin C:\ da alamar $. Da wannan tazara, umarnin ya koma kan faifan C gaba ɗaya. Haka kuma kada a yi wannan aiki a tagar PowerShell, wadda ta yi kama da Command Prompt, domin ita alamar $ tana da wata ma'ana dabam a wurinta, tana iya haɗiye wani ɓangare na sunan kwandon. Idan saƙon lalacewar faifan D ko E ya ambata, a sauya harafin. A sake kunna kwamfutar, Windows za ta gina sabon kwando da kanta. In matsalar ta dawo bayan haka, a buga sfc /scannow don Windows ta binciki fayilolinta ta gyara waɗanda suka taɓu.

Fayil ɗin da ya ƙi goguwa

Nan ma saƙon da ya fito shi ne jagora. Wanda bai iya Turanci sosai ba ya ɗauki hoton saƙon da waya ya nuna wa wanda ya iya, ya fi a yi ta dannawa.

Mafi yawan lokaci saƙon yana cewa fayil ɗin a buɗe yake a wata manhaja. Windows ba ta yarda a janye tabarma alhali wani yana zaune a kai. A rufe Word ko Excel ko abin kallon bidiyo, a rufe kuma gefen tagar folda da ke nuna samfurin takarda, domin shi ma riƙewa yake yi. In ba a ga mai riƙon ba, a buɗe Resource Monitor, a shiga shafin CPU, a rubuta sunan fayil ɗin a gurbin Associated Handles, zai nuna manhajar da ta kama shi. Wanda bai son wannan wahala ya sake kunna kwamfutar da Restart, wannan kaɗai yakan warware mafi yawansu. In ya faskara, sai Safe Mode, inda Windows take tashi da 'yan kayan da ba makawa sai da su: a riƙe Shift a danna Restart, a bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, a sake kunnawa, a danna 4. Kwamfutar da aka kulle faifanta da BitLocker tana iya neman lambar ceto mai alƙaluma 48 a wannan hanya, don haka a tanadi lambar kafin a fara.

Wani lokaci kuwa saƙon yana cewa ba izni. Wannan yakan faru da faifan da aka ciro daga tsohuwar kwamfuta, ko foldar ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki aka rufe asusunsa. Windows tana ganin fayil ɗin har yanzu na wancan mutumin ne. Mai ikon shugaba yana iya karɓar mallaka ta Properties, Security, Advanced, ya sauya sunan mai shi zuwa nasa, ya ba kansa cikakken iko, sa'an nan ya goge. Sai dai a duba sunan wanda ake neman izninsa. In aka ga TrustedInstaller ko SYSTEM, fayil ɗin na Windows ne, a bar shi. Wannan ƙin ba ciwo ba ne, kariya ce.

A cikin irin waɗannan akwai manya guda uku da kan tsone wa mai neman sarari ido. Akwai pagefile.sys, inda kwamfuta take sauke abin da ya yi wa ƙwaƙwalwarta yawa. Akwai hiberfil.sys, inda take ajiye aikin da ke buɗe in za ta yi dogon barci. Wanda bai bukatarsa ya buga powercfg /h off, zai tafi da kansa. Akwai kuma foldar Windows.old, wadda ke ɗauke da tsohuwar Windows bayan an ɗaukaka ta. Da Disk Cleanup ake cire ta, kuma in an cire ta ba sauran komawa tsohuwar.

Matsalar suna ta fi ban mamaki, domin fayil yana nan ana ganinsa amma kwamfuta ta ce ba ta same shi ba. Tun da daɗewa Windows take da iyakar haruffa 260 ga cikakken adireshin fayil, watau harafin faifai da sunayen dukan foldodin da aka ratsa da sunan fayil ɗin kansa. A ofis inda ake sa folda cikin folda, ma'aikata, sashe, shekara, wata, kowace da dogon suna, ba wuya a wuce iyaka. An sassauta wannan a Windows 10 a shekarar 2016, amma sai an kunna sassaucin, kuma ba kowace manhaja ce ta san da shi ba. Magani mafi sauƙi shi ne a gajarta sunayen foldodin sama, a mai da su harafi ɗaya ɗaya, har adireshin ya dawo cikin iyaka. Akwai kuma sunayen da Windows ta gada daga manhajar DOS ta keɓe su ga na'urori, irin su CON, PRN, AUX, NUL, COM1 da LPT1, da kuma sunan da ya ƙare da ɗigo ko tazara. Irin waɗannan sukan shigo ne daga kwamfutar Linux ko Apple, ko daga intanet. Ana goge su ta Command Prompt in aka sa wata alama a gaban adireshin, misali:

del "\\?\D:\Takardu\nul"

Alamar \\?\ tana gaya wa Windows ta ɗauki sunan yadda yake, kada ta fassara shi. A tuna abin da aka goge da del ba ya biyawa ta kwando.

Filash da katin waya

Idan saƙon ya ce faifai write-protected ne, watau an hana rubutu a kansa, a duba gefen katin ko gidan da ake sa shi, akwai ɗan makulli da kan zame da kansa. In filash ne ba makulli, kuma ya ƙi a kowace kwamfuta, galibi ya tsufa ne ya kulle kansa don kada abin da ke ciki ya lalace. A kwashe kayan a sayi wani, ba gyara.

Filash ɗin da ke yawo shagunan buga takardu kuma yakan kwaso ƙwayar cuta. Alamarta ita ce foldodi su koma hotuna masu 'yar kibiya, ko wani fayil a goge shi ya dawo nan take. Tsutsar kwamfuta mai suna Conficker, wadda ta ɓulla a 2008, takan ɓuya a filash cikin folda mai suna Recycler, don mai gani ya zaci kwandon shara ne. Da yake Windows ba ta yi wa filash kwando, ganin irin wannan folda a cikinsa abin tuhuma ne. Gogewa da hannu ba ta magani, tun da mai dawo da fayil ɗin yana zaune a cikin kwamfutar. A yi cikakken bincike da Windows Security, musamman zaɓin Microsoft Defender Offline, wanda ke bincike kafin Windows ta tashi. Takardun da ƙwayar ta ɓoye kuwa suna dawowa da wannan umarni, in harafin filash ɗin E ne:

attrib -h -s -r /s /d E:\*.*

In an riga an zubar

Wanda ya riga ya danna Yes, kada ya yanke ƙauna, amma ya tsai da aiki a kan faifan nan take. A tsohon faifai mai juyawa, zubar da kwando share sunan fayil ne daga rajista, abin da ke ciki yana nan sai an rubuta wani a kansa. Manhajoji irin su Recuva, da Windows File Recovery wadda Microsoft ta fitar a 2020, suna iya tono shi, muddin an ajiye abin da aka tono a wani faifai dabam. A sabon faifai irin SSD kuwa dama kaɗan ce, domin shi yakan share gurbin da kansa ba da jimawa ba.

Ma'aikacin gwamnati yana da ƙarin abin lura. Takardar da ke cikin kwamfutar ofis takardar hukuma ce kamar wadda ke cikin kabad. Sashe na 10 na Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ya mai da lalata bayanan hukuma da gangan laifi, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara ɗaya ba. Saboda haka kafin a rushe kwandon kwamfutar ofis, ko a karɓe mallakar foldar wanda ya bar aiki a goge ta, a sanar da shugaban sashe, a kuma rubuta ranar da abin da aka cire.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, tun da abin da aka zubar yana iya tonuwa, kwamfutar da ta taɓa riƙe sunayen marasa lafiya ko lambobin asusun ma'aikata ba a miƙa ta ga wani don kawai an zubar da kwandonta. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora alhakin tsare irin waɗannan bayanai a kan wanda ya tara su. Windows tana da umarnin cipher /w:C:\ wanda ke bin duk sararin da babu kome a faifan yana rubutu a kansa sau uku, ba ya taɓa fayilolin da ke nan. A babban faifai yakan ɗauki sa'o'i da dama, don haka a fara shi da safe, a ranar da aka tabbatar da wuta ko man janareta.